Baba Tsaf da Rawar 'Yar Lele

Shekarar Baba Tsaf sittin da takwas. Tsohon direba ne mai cin fansho, yana da mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, jikokin da sukan cika tsakar gida ranar hutu, da mota ɗaya wadda kusan sa'ar autarsa ce.

Tsaf ba shi ne sunan da iyayensa suka sa masa ba. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa a kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse, inda ya yi fiye da shekara talatin yana jigilar injiniyoyi cikin daji. Sauran direbobi kan dawo daga aiki kamar an tono su daga rami, su da motocinsu. Shi kuwa sai ya tsaya a rafin ƙarshe kafin gari, ya jawo bokiti da tsumma daga ƙarƙashin kujera, ya bar injiniyoyi suna duba agogo suna tsaki. In ya shigo harabar kamfani sai ka rantse daga shagon sayar da motoci yake. Dattijon da ya koya masa tuƙi ya taɓa ce masa, "Kada ka tsaya kallon rigar direba, ce ya buɗe maka bonet." Baba Tsaf ya manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da shekarun 'ya'yansa, amma bai manta wannan ba. A wurinsa, mota mai ƙyallin jiki da dattin inji daidai take da mutumin da ya sa sabuwar riga bai yi wanka ba.

Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, kamfani ya sa tsofaffin motocinsa a gwanjo, shi kuma ya fito da wadda ya fi daɗewa yana ja. Motar daji ce, doguwa, mai taya rataye a ƙofar baya da ƙarfen ɗora kaya a sama. Fetur take sha, silinda shida gare ta, in aka sa mata ƙaramin giya kuwa tayoyinta huɗu duka ke ja, ta ratsa yashi da laka kamar tana kan kwalta. Da can fara ce. Yanzu launinta ya koma irin na haƙorin mai yawan shan shayi.

Matarsa tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, duk layin Sista suke ce mata, har shi mijin. Ita ta raɗa wa motar suna. Ranar da aka kawo ta, ta leƙo ta ga yadda yake shafa mata ƙofa da gefen rigarsa, ta ce, "To, ga 'Yar Lele ta iso. Mu kuma sai mu matsa."

Ya yi mata rumfar kwano a tsakar gida, kusa da bishiyar lemo. Shekaru suka wuce lafiya: kasuwa, asibiti, makarantar jikoki, da lambun mangwaron da Sista ta saya bayan ta bar aiki. Gidansu a ƙarshen gari yake, lambun kuma ba nisa, sai dai hanyar tana ratsa wani busasshen rafi mai zurfin yashi wanda ƙaramar mota ba ta isa ta taka ba.

Bara babban ɗansu, mai shagon sayar da wayoyi, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, ya sa wa iyayensa tanki a sama da injin tura ruwa, don mahaifiyarsa ta huta da ɗaukar bokiti. Ya haɗa musu da wani dogon tiyo kore mai baki irin na bindiga, in ka matsa ya fesa ruwa har kan katanga. Don ban ruwan shukokin Sista aka sayo shi. Shukokin ba su gan shi ba. Baba Tsaf ya riƙe shi ranar farko, ya matsa, ya ga yadda ruwa ke shiga lungunan injin da tsumma bai taɓa kaiwa ba, ya ji kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa.

Ba a daɗe ba 'Yar Lele ta fara rawa.

Ba kullum ba. Wata rana ta tashi lafiya lau, injin yana gurnani a hankali kamar kyanwa mai barci. Wata rana kuma da an murɗa makulli sai ta kama kakkarwa, sitiyari na rawa, madubi na rawa, salansa na tari tana fitar da warin ɗanyen fetur. In ya taka totur sai ta yi jim kamar tana shawara. A gaban sitiyari kuma wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, wadda makanikai ke kira wutar cek, ta kunna kanta, wani lokaci har tana ƙyaftawa.

Maganin farko da Baba Tsaf ya yi shi ne ya yanko baƙin salatif ya manna a kan wutar. Sista ta shiga motar ta gani.

"Malam, wannan fa?"

"Damun ido take yi."

"Ai kuwa da haka muke yi a asibiti da mun huta. Mara lafiya na nishi, sai a toshe masa baki a tafi shan shayi."

Bayan Sista ta sa an ɓare salatif ɗin, Yaya ya kawo wata na'ura. 'Yar ƙarama ce kamar wayar hannu, da igiya, ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari. Ya durƙusa ya soka, ya yi wa mahaifinsa bayani cewa motar tana da ƙwaƙwalwa, duk abin da ya dame ta tana ajiye shi da lamba. Wannan maɓallin na karantawa ne, wancan na gogewa. Lamba ta fito a fuskar na'urar: P0303. Yaya ya duba a wayarsa ya ce ma'anarta silinda ta uku ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Sai ya danna ɗaya maɓallin don ya nuna masa aikinsa. Wutar cek ta mutu.

Baba Tsaf ya saki baki. "Shi ke nan? Ta warke?"

"A'a Baba, gogewa kawai aka yi, ciwon yana nan. Ka kai ta wurin Rewaya."

Baba ya gyaɗa kai, amma hankalinsa ya riga ya tsaya a kan maɓallin nan na biyu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana goge abubuwa, yau an damƙa masa tsumman da ke goge har abin da ke cikin kan mota.

Rewaya mai gyaran wutar mota ne, ɗan wani tsohon abokin aikin Baba, mutum mai kimanin shekara hamsin, mai tumbi, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da wayar wuta. Garejinsa yana can ɗaya ƙarshen garin, bayan wani gidan mai: rumfa ce doguwa, da tsofaffin batura jere a gindin bango, da tarin wayoyi masu launi-launi rataye a ƙusa, da bencin baƙi wanda a da kujerar bayan wata mota ce. Kafin a kai can daga gidan Baba sai an ratsa tsakiyar kasuwa da cunkosonta.

Ga yadda zuwan Baba gareji yake. Ya tashi da safe ya wanke mota ciki da waje, ya buɗe bonet ya fesa wa injin ruwa har ya yi ƙyalli. Ya tashe ta, ta kama rawa. Ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gareji. Tana tari tana tafiya, har su shiga cunkoson kasuwa, injin ya ɗau zafi, rawar ta ragu, ta ragu, ta ɗauke. Daf da gidan mai sai ya faka a gefen titi, ya soka na'urarsa, ya goge lamba, ya gyara hula, sannan ya shiga.

"Baba, barka da zuwa. Ina matsalar?"

"Ɗazu rawa take."

Rewaya ya buɗe bonet, ya ɗan ja baya saboda ƙyalli. Ya ɗora kofin shayinsa a kan injin tana kunne. Shayin ko motsi bai yi ba. Ya kawo tasa babbar na'urar ya soka. Wayam.

"Babu komai a kanta. Wutar cek ta kawo?"

"Ta kawo. Na goge."

"Ka goge? Don me?"

"Haba ɗana. In kawo maka ita da laifi a goshi, a gaban mutane?"

Rewaya ya cire tabarau ya murza ido. "To wace lamba ta nuna?"

"Akwai sifili. Akwai uku."

"Baba, duk lambobin wannan ciwon akwai sifili akwai uku. Ta ƙarshen nake nema."

"Ta ƙarshen, ina jin biyar ce." Ya sosa ƙeya. "Ko ta shekaranjiya ce biyar?"

Rewaya ya zaunar da shi a benci ya yi masa karatu. Kowace silinda tana da fulogi, kowane fulogi yana zaune a cikin wani rami mai zurfi a saman injin, a kansa kuma akwai koyil mai ba shi wuta, da doguwar roba da ta rufe ramin. In lamba ta ƙare da uku, sai a ɗauke koyil na uku a musanya shi da na ɗaya. In ciwon ya bi shi, lamba ta koma ɗaya, koyil ne. In ya tsaya a uku, sai a duba fulogi ko nozul mai fesa mai. Aiki ne mai sauƙi, in dai an bar mota ta faɗi abin da ke damunta.

Baba ya yi alkawarin daina gogewa, ya kuma cika, ko da yake yakan rufe wutar da hularsa in zai shiga garejin. Lambobi suka fara isowa. Yau uku. Wani makon biyar. Sai biyu. Sai kuma P0300, wadda Rewaya ya fassara da cewa ita kanta motar ba ta san wacce ba ce. Ya musanya koyil, ciwon bai bi ba, bai kuma tsaya ba, ya yi tsalle ya koma wani wuri. Ya canza fulogi duka shidan. Ya wanke nozul. Ya gwada ƙarfin famfon mai. Ya goge na'urar da ke auna iskar da injin ke shaƙa. Ya bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya da kunne, ko akwai mai tsotsa ta gefe. Duk lafiya. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa ganin rawar da idonsa ba.

"Ni dai tunda nake ban taɓa ganin koyil mai ƙafa ba," in ji shi. "Ciwo yana yawo ɗaki-ɗaki kamar baƙon da ba a nuna wa masauki ba."

Sista kuwa tana da nata binciken, ta kuma gama shi: motar ta tsane ta. Hujjarta ba ta da wuyar ganewa. In Malam zai fita shi kaɗai sayen jarida, 'Yar Lele lafiya. In ita za ta shiga, rawa. Gaskiya ne kuma, haka abin yake. Baba Tsaf bai taɓa ɗaukar manajan kamfani a motar da ba a wanke ba, matarsa kuwa ta fi manaja. Duk ranar da Sista za ta fita, tun da sassafe yake tashi ya ba motar wanka na musamman, injin ya sha kumfa ya sha tiyo.

Abin ya kai maƙura ranar da suka nufi lambu duba mangwaron da ya fara nuna. Tun daga ƙofar gida take tari. A tsakiyar yashin rafin nan, inda ake bukatar duk ƙarfin injin, ta yi jijjiga mai ƙarfi, ta mutu. Ya tayar, ta mutu. Ya sake, tayoyi suka nutse. Rana ta take, Sista kuma gwiwarta ba ta tafiya a yashi. Wani mai tarakta da ke dawowa daga gona ya ja motar zuwa tudu, sannan ya ɗauki Sista a tirelarsa, a kan buhunan taki. Haka ta shigo layinsu, zaune a sama, da jakarta a cinya, maƙwabta na leƙowa suna yi mata sannu da murya mai rawa. Ba ta gama karkaɗe mayafinta ba sai ga 'Yar Lele ta shigo gida a natse, ko tari babu.

"Ka gani ko?" ta ce. "Jira take in sauka."

Da yamma Yaya ya zo, aka zauna a tsakar gida. Ya yi magana cikin ladabi, amma ya riga ya yi tambaya. Akwai masu sayen tsofaffin motoci su yanka su sayar da sassa, sun ce wannan irin ana neman ƙofofinta da giyarta. Shi kuma zai samo wa Baba ƙarama mai sauƙin mai.

"Ƙarama? Irin wadda in ta hango yashi take fashewa da kuka?"

"Baba, wannan ma ai ta yi kukan."

Baba Tsaf ya san filin masu yankan nan. Ya taɓa zuwa neman madubi, ya tarar da 'yan'uwan 'Yar Lele na kamfani, ƙofofinsu jere a jikin katanga kamar farantai, da tambarin kamfanin da bai gama gogewa ba. Bai sayi madubin ba ranar.

Sista ce ta yanke hukunci. "Ƙarshen wata mangwaro zai isa tsinka. Za ta kai ni, ta dawo da ni da kwanduna. In ta yi tari sau ɗaya, ɗaya tak, Yaya ya kira mutanensa. Ka yarda, Malam?"

Ya dubi rumfar kwano. Ya ce ya yarda.

Washegari ya kwashe labarin duka ya gaya wa Rewaya, har da buhunan taki. Rewaya ya yi ƙoƙari ya riƙe dariya, ta fito ta hanci. Sannan ya ce, "Bar min ita nan. Ni zan riƙa tashinta da sanyin safiya, da hannuna, sai na ga rawar nan da idona. Kuma kawo wannan 'yar na'urar taka, a aljihuna za ta zauna."

Baba Tsaf ya koma gida a motar haya, ya zauna a baya, yana taka burkin da babu shi duk lokacin da direban ya matsi wata mota.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kowace safiya Rewaya ya murɗa makulli, 'Yar Lele ta tashi kamar sabuwa. Ya kai ta hanyar gargada, lafiya. Ya hau tudu da ita, lafiya. Ya bar ta a silo, tana kunne a tsaye, har ya gama karin kumallo, lafiya. Baba kuwa kullum yana kan benci, yana kallon abin da bai taɓa gani ba. Ƙurar titi ta kwanta a kan bonet. Tsuntsayen bishiyar da aka faka ta a ƙarƙashinta suka yi abin da suka saba. Wani ya dafa ƙofa da hannun baƙin mai ya bar yatsu biyar cif. Wani marar kunya ya rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya. In Rewaya ya buɗe bonet, Baba kan kau da kai.

"Kada ka taɓa ta, Baba," Rewaya ya ce. "Yadda take nake son ta."

A waɗannan kwanakin ne shukokin Sista suka fara sanin tiyo. Ba su daɗe suna morewa ba. Wata safiya ta fito ban ruwa ta tarar da ƙusar da ake rataye shi babu komai.

Tiyon yana kafaɗar Baba Tsaf, a naɗe, a cikin motar haya ta farko. Maigadin garejin ya san shi, ya buɗe masa. Ɗaya makullin motar kuwa bai taɓa barin aljihunsa ba tun ranar gwanjo. Ya roƙi ma'aikatan gidan mai suka bar shi ya ɗaura a famfonsu. Niyyarsa jiki kawai zai wanke. Ya wanke jiki. Ya wanke tayoyi. Ya tsaya ya dubi bonet, bonet ya dube shi.

Lokacin da Rewaya ya iso da ledar burodi a hannu, ya tarar da bonet a buɗe, injin ya yi fari fat da kumfa, dattijo ya karkata kai ya kanne ido ɗaya yana auna bakin tiyo cikin lungunan da ke tsakanin koyil da koyil. Rewaya ya buɗe baki zai yi ihu. Sai ya rufe. Ya zauna a benci, ya gutsuri burodi, ya yi ta kallo har aka ɗauraye.

"Baba, ka gama?"

Baba ya juyo a firgice. "Ƙura kawai na ɗan kaɗe mata."

"Na gani. Tashe ta."

Ya murɗa makulli. 'Yar Lele ta kama rawa, irin wadda ba ta taɓa yi ba, har eriya na kaɗawa. Wutar cek ta kawo tana ƙyaftawa.

"Alhamdu lillahi!" Rewaya ya miƙe, burodi ya faɗi. "Ta yi! Wallahi ta yi!"

"Murna kake?"

"Kada ka kashe ta, kada ka taɓa komai, sa hannunka a aljihu!"

Ya soka na'ura. P0304. Ya kashe motar da kansa, ya kwance koyil na huɗu ya zaro. Doguwar robar tana ɗigar ruwa, da ya lanƙwasa ta sai ga tsaga-tsaga a jikinta kamar diddigen manomi. Ya haska tocila cikin ramin, ya kira Baba ya leƙa. Fulogi na zaune cikin ruwan da zai ishi kaza sha.

Rewaya ya jawo tiyon iska ya hure ramin, ya bi sauran biyar ya hure, ya goge robobin, ya mayar da komai. Ya tayar. Injin ya koma gurnanin kyanwa.

"Ga ciwonka mai ƙafa," ya ce. "Wuta ba ta son wahala, Baba. In ta samu ruwa sai ta bi shi ta tsagar roba ta zube a jikin injin, ba ta kai ga bakin fulogi ba. Ramin da ya fi shan ruwa ranar, shi ne lambar ranar. Kafin ka ratso kasuwa zafi ya busar da shi, ka iso min da mota lafiyayya. Na ga robobin sun tsufa tun da na canza fulogi, amma a bushe suna aiki, ban kawo komai a raina ba."

Baba Tsaf ya dubi tiyon da ke hannunsa, har yanzu yana ɗiga a kan takalminsa.

"Shekara talatin ina wanke inji."

"Da tsumma. Kuma lokacin robobin nan suna da ƙuruciya."

"Wato ni ne."

"Ni ban ce kai ne ba. Na ce ruwa ne. Wanda ya riƙe tiyo kuma, Allah ya gani, ni ma na gani, maigadi ma ya gani."

Aka sayo sababbin robobi shida aka sa. Sannan Rewaya ya kafa doka: ruwa ba ya sake taɓa injin nan, don sababbin ma ba a yi su don bindiga ba. Baba ya nemi ragi.

"Ko ranar da za ta ɗauki Sista?"

"Musamman ranar."

"Ɗan yayyafi fa, haka sama-sama?"

"Baba, ko atishawa za ka yi, rufe bonet tukuna."

A gida Baba Tsaf ya ba da rahoto a taƙaice: robobi ne suka tsufa, an canza. Bai yi ƙarya ba. Sai dai Rewaya ya riga ya kira Yaya, Yaya ya riga ya kira mahaifiyarsa, ga kuma jiƙaƙƙen tiyo a kujerar baya. Sista ta karɓe shi ta rataye a ƙusarsa, ta zauna ta yi dariya har ta riƙe gwiwa.

"Ashe ba tsana ta take ba. Girmama ni ake yi, har na hau tarakta."

"Sista, ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Magana tana nan yadda take. Ƙarshen wata, tari ɗaya."

Ranar tsinkar mangwaro Baba ya tashi da sassafe kamar yadda ya saba, ya tarar an riga shi. Sista na zaune a kujerar roba a gaban motar, daidai bonet, da tiyo naɗe a cinyarta. Ta miƙa masa bokiti da tsumma. Ya wanke ƙofofi, ya wanke gilashi, ya wanke rufi. Ya zo gaba ya tsaya.

"Leƙawa kawai zan yi."

"Leƙa da hannu a baya."

Ya buɗe. Hanyoyin da Rewaya ya bi da ita wajen gwada sababbin robobi sun bar wa injin ƙura ja, ga shatin yatsun baƙin mai a kan murfi. Baba Tsaf ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ɗaukar babban mutum da inji irin wannan ba. Ya rufe bonet a hankali, ya zagaya ya buɗe wa matarsa ƙofa.

Suka fita layi. Shi kunnensa na kan injin, ita idonta na kan inda wutar cek take, don ta sa an ɓare salatif ɗin tun tuni. Da suka iso bakin rafin ya tsaya, ya sa ƙaramin giya, ya yi bisimilla, ya taka. 'Yar Lele ta shiga yashin da ƙirji, ta yi gurnani, ta ratsa ta haye tudu ba ta ko waiwayi inda ta taɓa nutsewa ba. A dawowa tana ɗauke da kwanduna har saman ƙarfe, ƙamshin mangwaro ya cika ta, ta sake ratsawa. A tsakiyar yashin ne aka ji tari guda ɗaya. Baba ya daskare a kan sitiyari.

"Ni ce," in ji Sista. "Ƙura ta shige min. Tuƙa."

A ƙofar gida suka tarar da Yaya tsaye da waya a hannu. Ya dubi motar, ya dubi mahaifiyarsa. Ta sauko a hankali, tana dafa ƙofa.

"Mayar da wayar nan aljihu, ka zo ka sauke kwanduna."

'Yar Lele tana nan a rumfarta. 'Yar na'urar tana wurin Rewaya har yanzu, ya ce sai Baba ya nuna hali na gari. Baba Tsaf kuwa ya je shagon masu fenti ya zaɓo buroshi mai laushin gashi, ya haɗa da tsohon buroshin haƙori da busasshen tsumma, ya zuba su a wani gwangwani da ya ajiye ƙarƙashin kujerar direba, inda bokiti yake zama a da. Aikin da tiyo ke gamawa kafin shayi ya huce, yanzu yakan cinye masa rabin safiya, kuma ƙyallin bai kai na da ba. Yana faɗin haka ga duk wanda ya tsaya.

Jiya da safe ya buɗe bonet, ya sa tabarau, ya sunkuya yana bin gefen koyil na uku da buroshin haƙori. A can ɗaya gefen tsakar gidan Sista na ba shukokinta ruwa, iska ta ɗan kwaso feshin ta yo wajen rumfa. Baba Tsaf ya miƙe da sauri, ya tare gaban injin da jikinsa, ya baza hannuwa.

"Sista! Juya bakin tiyon nan can. Ba ta son ruwa."